Ra'ayinmu: Ciwon hanta mai ɓuya, kada mu jira sai ciki ya kumbura

Akwai wata mutuwa da ta yi yawa a kasuwanninmu, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa da Ƙonni zuwa Katako da Wadata a Yamai, amma har yanzu ba mu saba kiran ta da sunanta ba. Magidanci mai shekara arba'in, yana cikin ƙarfinsa da tsakiyar nemansa, sai ya fara rama, abinci ya fita ransa, yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Kafin a ankara idanu sun yi rawaya, ciki ya cika da ruwa. Cikin wata biyu ko uku sai a ji sanarwar rasuwa. A wajen zaman makoki wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu ne, wasu su ce abokan hamayyar kasuwa ne suka yi jifa. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane kansar hanta ce ta ɗauke su, kuma ƙwayar cutar da ta jawo ta tana jikinsu tun suna goye.

Abin da muke son faɗa a yau shi ne wannan: ciwon hanta, wanda likitoci ke kira epatit B da epatit C, ba ya sallama kafin ya shigo, kuma ba ya motsi sai ya gama ɓarna. Duk wanda ya ce sai ya ji ciwo zai je likita, to ya makara. Hanyar gane shi ita ce awon jini tun mutum yana jin garau.

Girman abin

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, an ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da epatit B a duniya, miliyan 50 kuma ke ɗauke da epatit C. A wannan shekara cututtukan biyu sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 300, wato kimanin mutum 3,500 a kowace rana. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, cikin masu ɗauke da epatit B kashi 13 cikin 100 kaɗai suka san suna da ita, kuma kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka samu magani. Kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da epatit B a yankin Afirka suke faruwa. Ƙasarmu Nijar tana cikin sahun ƙasashen da cutar ta yi katutu, inda fiye da mutum 8 cikin 100 na manya ke ɗauke da ita. Mai shago ya dubi layinsu, mai tuwo ta dubi ƴan adashinta, kowa ya yi lissafi da kansa.

Kansar hanta kuwa ita ce ta uku wajen kisa a cikin dukan ire-iren kansa, ta kashe fiye da mutum dubu 750 a 2022. A ƙasashen Turai yawanci tsofaffi take kamawa. A nan Afirka ta fi faɗa wa masu jini a jika. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya da Gana da Kamaru da Kodebuwa, ya nuna cewa in an cire Masar, rabin majinyatan ba su wuce shekara 46 ba, kuma rabinsu ba su kai wata 3 ba bayan an gano ciwon. Waɗannan su ne masu ciyar da gida, masu biyan kuɗin lakwal, masu riƙe da jarin dangi.

Yadda take ɓuya

Hanta ita ce mafi girma cikin kayan cikin ɗan Adam, nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jini, ita ke sarrafa abinci da magani, ita ke yin ruwan matsarmama da sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Hanta mai haƙuri ce ƙwarai. Ko wani ɓangarenta ya lalace, sauran na ci gaba da aiki, kuma cikinta ba ya jin zafi, sai ta kumbura ta ja fatar da ta lulluɓe ta sannan mutum ya ji wani abu. Wannan haƙuri nata shi ke rufe ɓarnar.

Babban mutum in ya kamu da epatit B, galibi jikinsa na yaƙar ta ya ci nasara. Waɗanda take zama jikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma jaririn da ya kamu a wajen haihuwa ko cikin shekararsa ta farko, 9 cikin 10 ƙwayar na zama jikinsu har ƙarshen rayuwa. Yaron zai girma lafiya lau, ya yi kasuwanci, ya yi aure, ya haihu, alhali ƙwayar na cin hantarsa a hankali shekara 20, 30, ko 40. Hanta ta yi ta rauni tana warkewa da tabo, har ta ƙanƙance ta taurare, abin da likitoci ke kira siroz. Daga nan kansa ta samu ƙofa. Epatit B tana da wata mugunta ta daban: tana cusa irinta cikin ƙwayoyin halittar hanta, shi ya sa takan jawo kansa ko hanta ba ta kai ga taurarewa ba. Cikin manya masu ɗauke da ita, 2 zuwa 3 cikin 10 na iya kaiwa ga siroz ko kansa in ba a kula da su ba.

Alaƙar cutar da kansa tabbatacciya ce. Likita Baruk Bulumbag na Amurka ne ya gano alamar ƙwayar a cikin jini a shekarun 1960, ya samu lambar Nobel a 1976. A 1981 wani bincike da ya bi maza fiye da 22,000 a tsibirin Taiwan ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran shiga haɗarin kansar hanta fiye da ninki 100.

Akwai kuma ɓuya ta biyu, wadda ko awon farko ba ya kamawa. Awon da aka saba yi, wanda za ku ga an rubuta AgHBs a takarda, rigar ƙwayar yake nema a cikin jini. A jikin wasu mutane rigar na ɓacewa, awo ya ce babu, amma irin ƙwayar na nan kwance a cikin hanta. Masana sun taru a garin Taormina na Italiya a 2008 suka fayyace wannan hali, suka kira shi ɓoyayyar epatit B. Ba a gano ta sai da awo mai zurfi, mai neman irin ƙwayar kanta. Haɗarinta bai kai na bayyanannar ba, kuma ga yawancin mutane in awon farko ya ce babu, labari ne mai daɗi. Sai dai tana da muhimmanci a wuri uku. Tana iya bin jinin da aka ƙara wa majinyaci. Tana iya ƙara tura hantar da ta riga ta raunana, da epatit C ko barasa, zuwa kansa. Sannan tana iya farkawa in garkuwar jiki ta faɗi, kamar ga mai sida, ko mai shan maganin kansa, ko mai shan magungunan da ke danne garkuwar jiki. Cikin irin waɗannan magunguna har da desametazon, wanda wasu mata ke saye hannun masu yawo da magani bisa kai don su yi ƙiba. Uwargida da amarya, ku sani wannan ƙiba tana iya tada abin da ke barci.

Ta ina take shiga, ta ina ba ta shiga

Hanyarta jini ce da ruwan jiki. Daga uwa zuwa jariri a wajen haihuwa. Tsakanin yara ƙanana ta ƙuraje da raunuka. Ta aska ɗaya da ta yi wa mutum goma aski, ko kaciya, ko tsaga, ko ƙaho, ko cire belu. Ta almakashi da wuƙar masu yankan akaifa da ke zagaya rumfunanmu. Ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, da allurar huda kunne, da asuwaki ko burushin haƙori na tarayya. Ta ƙarin jinin da ba a auna ba, da kuma saduwar namiji da mace. Ƙwayar epatit B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 cikin busasshen jini a bakin aska. Goge aska da tsumma ko tsoma ta cikin ruwa ba ya kashe ta.

Amma mu ji da kyau: ba a ɗaukar ta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan hura a ludayi ɗaya, ko musafaha, ko tari, ko zufa, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da ita tana iya shayar da ɗanta. Muna jin labarin matan da aka ware musu kwano, da waɗanda aka fasa aurensu, da yaran shago da aka sallama, da masu abinci da ciniki ya gudu daga wajensu don an ji suna da ciwon hanta. Wannan zalunci ne da rashin sani ke haifarwa, kuma shi ke sa mutane gudun awo. In an gano ɗaya daga cikin ma'aurata ko masu shirin aure na da ita, sai a auna ɗayan a yi masa allurar rigakafi, a ci gaba da zama.

Hakkin da ke wuyan masu hatsi da masu gyaɗa

Akwai ɓangaren da ya shafi kasuwa kai tsaye. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko aka jibge su a wuri mai laima, suna yin hunhuna, hunhunar kuma tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Ko ba ta kashe nan take ba, kaɗan-kaɗan ɗin da ake ci kullum yana jawo kansar hanta. In ta haɗu da epatit B a jiki ɗaya, abin ya zama gobara da iska: wani bincike a birnin Shangai na ƙasar Sin a shekarun 1990 ya nuna mai abubuwan biyu haɗarinsa ya kusa ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya.

Suya ba ta kashe wannan guba, dahuwa ba ta kashe ta. To ina ƴaƴan gyaɗar da suka yanƙwane, suka yi baƙi, suke ɗaci, suke zuwa bayan an tsince masu kyau? Mun sani, ku ma kun sani. Ana sayar da su da araha, su koma ƙuli-ƙuli, su koma yajin tsire, su koma miya, ko a ba dabbobi, gubar ta biyo nono. Ribar da aka ci a tiya ɗaya ta ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a gadon likita ba, kuma ɗan mai sayarwar ma yana cikin masu ci. Saboda haka muna roƙon dillalan hatsi da masu sito da mata masu matsar mai: a shanya kaya su bushe ƙarau bisa tabarma ko leda, kada bisa ƙasa, a ɗora buhuna bisa katako nesa da bango, a duba masarar da ke zuwa daga ƙasashen kudu masu damshi, abin da ya yi hunhuna a binne shi.

Akwai mafita

Allurar rigakafin epatit B tana nan tun shekarun 1980, kuma tana kare kusan duk wanda ya yi ta cikakkiya. Taiwan ta fara yi wa jariranta a 1984, kansar hanta a cikin yaranta ta ragu da kusan rabi. Nan kusa da mu Gambiya ta fara a 1986. A Nijar tun 2008 rigakafin yana cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar, wadda ake yi wa jariri yana da sati 6, sati 10 da sati 14. Wannan ci gaba ne, amma ya bar giɓi biyu. Na ɗaya, duk wanda aka haifa kafin 2008, wato kusan duk mai riƙe da rumfa a yau, bai samu ba sai in shi ya nema. Na biyu, jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar yana iya kamuwa tun ranar haihuwa, sati 6 kuwa ya yi masa nisa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allura ta farko cikin awa 24 bayan haihuwa. A 2022 jarirai 18 cikin 100 kaɗai suka samu wannan allura a yankin Afirka.

Wanda aka gano yana da epatit B ba a yanke masa hukuncin mutuwa ba. Wasu sa ido kawai suke bukata. Wasu kuma likita zai ɗora su bisa ƙwaya ɗaya a rana, tenofobir ko antekabir, wadda ke danne cutar, ta hana hanta taurarewa, ta rage haɗarin kansa sosai. Ba ta fitar da cutar gaba ɗaya, shi ya sa ba a tsayar da ita ba da izinin likita ba. Tsayarwa da ka na iya sa cutar ta taso da ƙarfi. A 2024 Hukumar ta sassauta sharuɗɗan fara magani don mutane da yawa su samu, har da wanda kansar hanta ta taɓa kashe wani a gidansu. Mai ciki da ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta tenofobir don kare abin da ke cikinta. Epatit C kuwa, da aka gano a 1989, ba ta da rigakafi amma tana warkewa sarai: magani na wata 3 yana warkar da fiye da 95 cikin 100. Masar ta auna mutum fiye da miliyan 50 daga 2018, ta yi wa waɗanda aka samu da ita magani, har Hukumar ta karrama ta a 2023. Ƙasar Afirka ce kamar tamu.

Ga masu sassaƙe da jiƙo da masu tallar magani a lasifika ranar kasuwa, muna faɗa da girmamawa cewa har yau babu wani itace da aka tabbatar yana fitar da epatit B daga jiki. Wasu haɗe-haɗen ma ƙara wa hanta nauyi suke yi. Idanu na iya washewa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar na nan.

Kiranmu ga hukuma

A 2016 ƙasashen duniya, har da tamu, sun yi alkawarin rage sababbin kamuwa da kashi 90 da rage mace-mace da kashi 65 cikin 100 kafin 2030. Lokaci ya ƙure. Muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta tabbatar allurar awa 24 tana nan a kowace gidan haihuwa da kowace CSI, kuma a san yadda za ta isa ga jariran da ake haifa a gida, don ba a jira ranar suna. A sa awon epatit B cikin awon ciki, kyauta, kamar yadda ake yi wa sida. A kai na'urar ƙidayar ƙwayar cuta manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa a farashin da talaka zai iya, don kada mai kayan miya ta rufe rumfa ta biya mota zuwa Yamai. A ƙarfafa cibiyoyin ƙarin jini, kuma duk wanda ya zo ba da jini aka same shi da cutar, kada a sallame shi da "jininka bai yi ba" kawai. A zaunar da shi a yi masa bayani, a nuna masa inda zai je.

Sai batun farashi. Rahoton 2024 ya ce farashin tenofobir na wata ɗaya a kasuwar duniya dalar Amurka 2.4 ne, abin da bai kai jikka biyu ba, maganin epatit C na wata 3 kuma dala 60. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amfanin sarin kaya da yawa daga tushe. Gwamnati ta yi sari haka nan, ta sa ido bisa ribar da ake ɗorawa kafin magani ya iso farmasi.

Kiranmu ga ƴan kasuwa

Ba wanda ke sayen buhun hatsi don kyan ɗinkin bakinsa. Sai an soka an ga abin da ke ciki. Mu yi wa jikinmu haka. Alhaji da hajiya, mai gida da yaron shago, kowa ya je ya nemi awon epatit B da C ko sau ɗaya a rayuwa. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kan fito cikin rabin awa. In babu, a yi allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida. In akwai, a auna mata da miji da ƴaƴa da waɗanda ake ciki ɗaya da su, a guji barasa da shan magani barkatai, a riƙa zuwa wajen likita. Wanda likita ya ce yana cikin haɗari ya riƙa yin hoton ciki, ekogarafi, duk wata shida, domin kansar da aka gani tana ƙarama ana iya yi mata aiki.

Kowa ya riƙe rezarsa, ya sayi tasa sabuwa in zai je wajen wanzami ko mai yankan akaifa. Sarakunan aska su tara mutanensu a yi magana, sana'arsu mai daraja ce kuma ba ta rasa komai in kowane kai ya samu sabuwar reza. Mata su duba karnen allurar yaransu su tabbata ukun nan sun cika. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa da uwayen adashi suna iya gayyatar ma'aikatan lafiya su kafa rumfar awo a bakin kasuwa, ko ranar 28 ga Yuli da duniya ta keɓe don wannan ciwo, ko wata ranar da ta fi musu. Kuɗin da muke tarawa don gudummawar biki da ta rasuwa, a cire kaɗan a biya wa wanda ba shi da hali awo. Limamai da gidajen rediyo su taya mu isar da saƙon ga wanda ba ya karatu.

Cuta da magani duk na Allah ne, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali. Allah ya ba mu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a kasuwa.